Kalilu Mai Gidan Kallo da Ƙwallon Gwanda

Mutanen unguwarsu a Daura sun san Kalilu Auta da abu biyu, gidan kallo da fargaba. Shi ne mutumin da zai kulle ƙofa, ya yi tafiya har bakin titi, sannan ya dawo ya ja kwaɗon ya ji ko ya kama. In ya hau bayan ɗan acaɓa, tun ba a tayar da mashin ba zai fara cewa, "A hankali dai, ɗan'uwa, ba sauri nake ba." Abokansa su yi ta yi masa tsiya, shi kuwa ya yi murmushi ya bar su da bakinsu.

A wani ƙauye na ƙasar Dutsi aka haife shi, shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. Mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe, yayarsa Lami ce ta goya shi ta yaye shi, da aka kawo ta aure Daura ta taho da shi. Noman gero bai taɓa zama a hannunsa ba. Abin da ya iya tun yana yaro shi ne ya kwance rediyo ya mayar da ita tana magana. Daga rediyo ya koma gyaran talabijin, daga nan ya shiga haɗa wa mutane satalayit a saman rufi, yana hawa tsani yana salati. Da ya ɗan tara abin hannu sai ya kafa rumfar kwano a gefen hanyar Zango, ya jera bencuna, ya sayi janareta, ya fara nuna ƙwallon Turai.

Sana'ar ta riƙe shi, ta yi masa aure, ta ciyar da matarsa Fadila da 'yarsu Murjanatu. Sai dai ba ta taɓa ba shi kwanciyar hankali ba. In samari suna ihu don an ci, shi idonsa na kan wayoyin wuta. In gardama ta yi zafi tsakanin magoya baya, shi ne a tsakiya yana ba kowa haƙuri. A shekarun da ake jin labarin an kai wa gidajen kallo hari a wasu garuruwa, da kansa yake tsayawa a ƙofa yana lalube duk mai shiga, har da yaran da aka haifa a gabansa.

Da man fetur ya yi tsada sai janareta ta koma cin abin da rumfar ke samu. Samari kuma kowa ya koma kallo a wayarsa. Kalilu ya fara tunanin sayar da bencunan ke nan, wata ranar Talata da hantsi mota ta tsaya a ƙofar rumfar, wani mutum mai gilashi ya fito ɗauke da jaka.

Sunansa Munzali, mutumin Kazaure ne, amma a Abuja yake aiki. Bayan sun gaisa ya zuge jakar ya fito da wata ƙwallo mai tsini gaba da baya, ya ajiye a kan benci. Ƙwallon ta yi 'yar mirgina ta karkace ta faɗo ƙasa.

"Malam Kalilu, wannan sunanta ragbi," in ji shi. "A Ostireliya filaye cika suke yi saboda ita. Amma in ka fita daga can da wasu 'yan ƙasashe, ba wanda ya san ta, ƙwallon Turai ta cinye duniya. To masu wasan sun gaji da zama su kaɗai. Sun haɗa kai da ƙungiyarmu da wani kamfanin talabijin, suna so wasan ya samu gindin zama a nan."

Ya ce za a ɗora masa sola a rufi, a ba shi batura da babbar talabijin, ya huta da fetur. Abin da ake so a wurinsa shi ne ya riƙa nuna wasanninsu kyauta da safiyar Juma'a da Asabar, domin lokacin da su can suke wasa da almuru, a nan hantsi ne, rumfar ma a rufe take. Za kuma a bar masa ƙwallaye da riguna ya raba wa duk mai sha'awa.

Kalilu ya daɗe yana kallon ƙwallon a ƙasa. "Yallaɓai, su me za su samu? Ni kyautar da ta yi yawa tsoro take ba ni."

Munzali ya yi dariya. "Masu kallo suke so. In masu kallo sun yi yawa, masu talla za su zo, yara su fara bugawa, wata rana a samu gwani daga Daura. Shi ke nan cinikin, ba wani abu a ƙarƙashi."

Da ya kai wa Fadila zancen, ba ta tsaya dogon tunani ba. "Baban Murja, kana zaune Allah ya aiko maka da wuta kyauta, kana tambayar me? Kallo ne dai kamar wanda ka saba nunawa."

Aka ɗora solar.

Safiyar farko samari kaɗan ne suka shigo, su ma don sun ji kyauta ne kuma akwai fanka. Suka fara da dariya. Wani ya ce wannan ai gwanda ce aka ba ƙarti suna gudu da ita, sunan kuwa ya zauna daga ranar, ba wanda ya ƙara cewa ragbi sai Munzali. Suna cikin dariyar wani ƙato a talabijin ya taho a guje, biyu suka tare shi, suka haɗu ƙirji da kafaɗa, ƙarar ta fito ta lasifika kamar an jefar da buhun dawa daga saman mota. Rumfar ta yi tsit. Sai kuma ihu ya ɓarke.

"Kai! Wannan ai kokawa ce da gudu!"

Kafin wata ya zagayo, rumfar ba ta ɗaukar mutane ranar Asabar. Garin da ake son kokawa da dambe bai sha wuyar gane wasan ba. Kalilu na tsaye a baya yana kallon fuskokinsu, ya ga ba zura ƙwallo ke tayar da su tsaye ba, karon ne.

Cikin waɗanda abin ya shiga ransu har da Yazid, ɗan yayarsa Lami, wanda shi kaɗai ne namiji a ɗakinta, mahaifinsa kuma ya rasu. Yazid saurayi ne mai faɗin ƙirji, yana yi wa wani falken shanu aiki, shi ke riƙe bijimai a kasuwar Mai'aduwa ya tura su mota. A ƙwallon ƙafa ba a taɓa ɗaukarsa ba sai in mutane ba su cika ba, ana cewa ƙafarsa nauyi gare ta. Ranar da ya rungumi gwandar a ƙirjinsa ya ruga, samari uku suka rataya a jikinsa bai tsaya ba, ya zo wurin Kalilu yana haki yana dariya.

"Kawu, ashe akwai wasan da aka yi domina!"

Munzali ya gargaɗe su tun farko. Ya ce a fara da na taɓawa kawai, in ka taɓa mai ƙwallo da hannu biyu ya tsaya, ba kayarwa sai mai horarwa ya zo ya koya musu yadda ake faɗuwa. Mai horarwar ya zo daga Legas, ya yi 'yan kwanaki, ya koma da alkawarin dawowa, aka yi ta jiransa shiru. Samari kuwa abin da suke gani a talabijin shi suke so. Suka koma filin da ke bayan makarantar firamare, ƙasa ce mai tsakuwa wadda rani ya busar ta yi tauri kamar daɓe, suka shiga kayar da juna.

Kalilu ya je ya gani da idonsa wata la'asar. Bai iya tsayawa har ƙarshe ba. A talabijin ciyawa ce kore shar mai laushi, ga likitoci a gefe, ga mutanen da tun suna yara ake horar da wuyansu. A nan kuwa yara ne da silifa, wasu ba takalmi, gwiwa duk jini, suna tashi suna dariya. Duk karon da aka yi sai ya ji shi a haƙarƙarinsa. Ya koma ya tattara ƙwallayen ya kulle a akwati, ya ce sun ɓata. Kashegari ya tarar da su suna wasa da tsohuwar ƙwallon ƙafa da suka sace wa iska suka ɗaure ta da tsumma. Ya buga wa Munzali waya, Munzali ya ce ana kan shirin mai horarwa, a ƙara haƙuri.

Sai ya tafi gidan Lami. Ya same ta tana tankaɗe a tsakar gida, ya tsuguna ya gaishe ta, ya fara kewaye-kewaye. Ta ajiye rariyar ta dube shi.

"Auta, faɗi abin da ya kawo ka."

"Yaya, wasan nan da Yazid ke yi ne. Hankalina bai kwanta da shi ba."

Ta ce, "Ka san bara ba shi da zance sai na tafiya ci-rani ta Agadas. Abokansa biyu sun ƙetare iyaka ta Kwangwalam, ɗaya har yau uwarsa ba ta ji muryarsa ba. Na yi kuka, na yi faɗa, bai ji ba. Tun da ka kawo gwandar nan ban ƙara jin ya ambaci hamada ba. Ni ban san wasan ba, kai ka sani. In ka ce min akwai haɗari, yau zan hana shi, kuma zai hanu. Amma ka san inda zuciyarsa za ta koma."

Kalilu ya hango filin tsakuwa, ya hango motar da ke lodin samari zuwa arewa. Ya rasa wanne ya fi ba shi tsoro.

"Da sauƙi dai, Yaya," ya ce a ƙarshe. "Zan riƙa sa ido."

"To na bar maka shi," in ji ta, ta ɗauki rariyarta.

Ana nan sai Munzali ya zo da labari. Ya ce mutanen Ostireliya na so su ga abin da taimakonsu ya haifar kafin su ci gaba. Za a turo masu ɗaukar hoto, a haɗa wasa tsakanin Daura da samarin Mashi, waɗanda su ma aka ba wani mai gidan kallo irin wannan kaya. Za a nuna hoton a can lokacin hutun rabin lokaci, dubban mutane su ga Daura.

Kalilu ya ce shi sharaɗinsa ɗaya, na taɓawa za a yi. Munzali ya amsa masa, ya kuma tara samarin ya faɗa musu da bakinsa. Duk suka ce to.

Ranar wasan filin bayan firamare ya cika tun da hantsi. An kafa rumfa, an ajiye wa mai unguwa kujera, masu sayar da rake da ruwan leda sun kewaye. Masu hoto sun kafa kyamarori, wani ƙaramin jirgi maras matuƙi na shawagi a sama, yara na binsa da ihu. Tare da su akwai wata ma'aikaciyar jinya, Rauda, wadda masu ba da tallafin suka ce ba za a yi wasa ba sai da ita. Kalilu ya ga akwatin magungunanta, maimakon ya ji sanyi sai gabansa ya ƙara faɗuwa.

Da farko an bi doka. Amma 'yan kallo ba abin da suka zo gani ke nan ba, suka fara kiran "A kayar! A kayar!" Wani ɗan Mashi ya taɓa ɗan Daura da ƙarfin da ya wuce taɓawa, aka rama, aka sake ramawa. Munzali na busa usur ba mai jinsa. Kalilu ya fara kutsawa cikin mutane yana ɗaga hannu a tsayar, sai ya ga an jefa wa Yazid ƙwallo.

Yazid ya rungume ta ya zabura. Ya wuce na farko, ya ture na biyu, filin ya ɗauki sunansa. Gabansa saura mutum ɗaya, wani dogon saurayi daga Mashi mai suna Jafaru. Jafaru ya sunkuya zai kama ƙugunsa, Yazid kuma ya sunkuyar da kai kamar yadda yake ganin bijimai na yi. Suka haɗu. Ƙafafun Yazid suka tashi sama, ya dawo ƙasa da ka.

Jafaru ya miƙe yana kaɗe jiki. Yazid bai miƙe ba.

Kalilu yana ganin mutane na gudu zuwa tsakiyar fili, yana jin ana salati, amma ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Wani na cewa a ɗaga shi a zaunar, wani na cewa a kawo ruwa, wani ya ce a kira mai ɗori. Har an kama hannuwansa za a ja, Rauda ta faɗo tsakiyarsu ta durƙusa ta riƙe kansa da hannu biyu.

"Kada wanda ya motsa shi! Wallahi duk wanda ya ɗaga shi zai iya kashe shi. Ku ja baya! Ina ɗan'uwansa?"

Aka turo Kalilu gaba. Bai san yadda ya isa ba.

"Kai ne wa a wurinsa?"

"Kawunsa ne."

"To durƙusa nan, Baba. Sa hannunka inda nawa yake. Kada kan nan ya juya dama ko hagu, ko me ya faru, sai likita ya ce ka saki."

Ya sa tafukansa a kunnuwan Yazid. Kan da zafi, gumi da ƙasa sun cakuɗe a goshinsa, idanun a rufe. Rauda ta sa masa abin riƙe wuya, ta ce a nemo katako mai faɗi. Samari suka ruga rumfar kallo suka ɓalle saman benci suka kawo. Aka mirgina shi a kai gaba ɗaya kamar itace, aka ɗaure, aka cire kujerun bayan motar masu hoto aka shigar da shi, Kalilu na durƙushe a wajen kansa.

A asibitin garin aka duba shi aka ce sai Kano, can ne ake da na'urar da za ta nuna ƙashin wuya. Kafin su tashi Lami ta iso, mayafinta a karkace, takalmi ƙafa ɗaya. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi kowa komai ba. Ta shiga motar ta zauna wajen ƙafafun ɗanta ta riƙe babban yatsansa. Ba ta dubi inda Kalilu yake ba.

Hanyar Kano ya sha binta, amma bai taɓa sanin tana da ramuka haka ba. Duk inda taya ta faɗa sai ya ji kamar wuyan ne ya ƙarasa karyewa a hannunsa. Kafaɗunsa suka ƙage, yatsunsa suka mutu, gumi na zuba masa a ido ba halin sharewa. Yana so ya ce wa direba ya yi sauri, yana so ya ce masa ya yi a hankali. Sun kusa Kazaure Yazid ya buɗe ido, ya kalli rufin mota, ya kalli fuskar da ke sunkuye a kansa.

"Kawu, mun ci?"

"Yi shiru, kada ka motsa."

Can sai ya ce, da wata ƙaramar murya irin ta lokacin da yake yaro, "Kawu, ba na jin hannuna. Inna, kina taɓa ni? Ba na ji."

Lami ta matse yatsan har farcenta ya shiga. Leɓunanta kawai ke motsi. Kalilu ya danne kukansa, don in ya bari ya zo hannunsa zai girgiza.

A Kano aka karɓe shi aka shige da shi. Da aka ce Kalilu ya saki, sai da wata ma'aikaciya ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Suka zauna a baranda shi da Lami, benci ɗaya, tsakaninsu wurin zaman mutum biyu, har rana ta yi sanyi. Da likita ya fito ya ce ƙashi ɗaya a wuyan ya tsage, lakar ta bugu amma ba ta tsinke ba. Ya ce rashin motsa shi da aka yi ne ya taimaka, sauran kuma sai abin da Allah ya yi, sai a jira a gani.

Aka jira. Masu ba da tallafin suka ɗauki nauyin magani, Munzali na zuwa kullum, ya rame, ya daina dariya. Yatsun ƙafa ne suka fara motsi, daga baya ƙafafun, sannan hannun dama. Hannun hagu ya dawo rabi ya tsaya nan. Yana iya ɗaga kofi da shi, amma ba zai ƙara riƙe igiyar bijimi ba.

Da suka dawo Daura Kalilu ya tarar gari ya cika da magana. Wasu na cewa ya sayar da yaran mutane ga Turawa don sola. Wasu na cewa dama jinin ake so a ɗauka a hoto. Mai unguwa ya kira shi ya yi masa tambayoyi, ya sallame shi da cewa ya yi hattara. Ya daina nuna wasan safe. In mota ta tsaya a ƙofar rumfa sai ya zaci 'yan sanda ne. In ya ji hayaniyar samari daga nesa sai ya ɗauka rumfar za a zo ƙonawa. Ba wanda ya zo. Fadila ta yi ta fama da shi ya ci abinci.

Wanda ya zo shi ne Jafaru, ɗan Mashin nan, tare da mahaifinsa, ɗauke da kaji biyu. Kalilu ne ya raka su gidan Lami. Saurayin ya durƙusa a ƙofar ɗaki yana kuka, ya kasa haɗa magana. Lami ta ce ya tashi, ta ce shi ma ɗa ne, abin da aka rubuta ba ya wuce ranarsa, ta yafe masa duniya da lahira. Ta sa aka kawo musu fura. Kalilu na tsaye a gefe yana jiran ko da kallo ɗaya. Da ya gaishe ta ta amsa, "Lafiya lau, Kalilu." Tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunansa na yanka a bakinta ba sai ranar. Ya fita ya jingina da katanga.

Bayan wani lokaci Munzali ya turo masa hoton da aka nuna a can. An yanke faɗuwar. Ga Daura daga sama, ga yara na ɗaga hannu, ga Yazid a guje da ƙwallo a ƙirji, ƙura na tashi a bayansa, wani Bature na magana da murna. Kalilu bai kai ƙarshe ba ya kife wayar. Ya kira Munzali ya ce ya zo ya kwashe solarsa.

"Zan kwashe in ka ce haka, Malam Kalilu," in ji Munzali. "Amma don Allah kafin nan ka bi ta bayan firamare da la'asar."

Ya bi. Filin a cike yake. Ba manyan samarin ba ne, ƙannensu ne, sun ninka na da yawa, ba babba ko ɗaya a wurin. A wayoyin yayyensu suke ganin wasan yanzu. Yana tsaye wani ya sunkuyar da kai ya nufi ɗan'uwansa, daidai yadda Yazid ya yi. Kalilu bai san lokacin da ya kurma ihu ya faɗa cikin fili ba. Yaran suka tsaya cak suna kallonsa, don ba su taɓa jin muryarsa ta tashi haka ba.

A hanyar gida ya gane cewa ko ya rufe rumfa, ko ya bar garin, abin ya riga ya shiga. Ya sake kiran Munzali, wannan karon shi ke gindaya sharaɗi, kuma bai janye ko ɗaya ba. Mai horarwa zai zo ya zauna a Daura, ba ziyara ba. Ba wasa sai da ma'aikacin jinya a bakin fili. Za a bar filin tsakuwa. Kuma ba kayarwa, sai ranar da shi Kalilu ya ce a yi. Munzali ya kai maganar sama, aka yi ta ja, a ƙarshe suka amince, domin su ma labarin Yazid ya girgiza su.

Mai unguwa ya ba su wani fili a bayan gari wajen fadama. Kalilu da kansa ya bi shi taku-taku da kwando yana tsince duwatsu, ya sa masu amalanke suka yi ta zuba yashi. Mai horarwa ya zo, wani Bayarabe mai haƙuri, ya kama ɗaki a unguwar, ya shafe watanni ba abin da yake koya musu sai inda ake sa kai da yadda ake faɗuwa. Da Yazid ya cire abin wuya sai ya fara zuwa yana zama a gefe, daga baya mai horarwar ya rataya masa usur. Yanzu shi ne alƙalin wasa, kuma ba a taɓa yin mai tsanani irinsa ba, yaro na sunkuyar da kai zai kore shi daga fili. Lami ba ta hana shi zuwa ba, ba ta kuma taɓa tambayar yadda ake ciki ba.

An koma nuna wasan safe a rumfa. An ce samarin Zango ma sun kafa tasu ƙungiyar, kuma masu tallafin na maganar haɗa gasa ta garuruwan masarautar Daura, wadda za a riƙa nunawa kai tsaye ta waya. Gasar kuwa ba ta taɓawa ba ce.

Kwanan baya mai horarwar ya sami Kalilu da Hausarsa mai karyewa, ya ce yaran sun iya kayarwa, shi ya amince su shiga gasar, saura izinin Kalilu. Yazid na tsaye a bayansa, hannun hagu a aljihu.

"Kawu, sun shirya. Ni na ga yadda suke yi. Da an koya min haka, da ban faɗi yadda na faɗi ba."

Kalilu ya dubi filin, ya tura yatsan ƙafarsa cikin yashi yana jin taurin da ke ƙasa. Ya ce a bari tukuna ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, ƙasa ta yi laushi, sannan ya ba da amsa. Suka ce sun yarda.

Shekaranjiya da yamma yana share ƙurar sola a saman rumfa, iska mai sanyi ta bugo shi daga gabas. Ya ɗaga kai ya ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta wajen Zango. A ƙasa yara sun fara tsalle suna murna, manoma na ɗaga hannu suna godiya. Kalilu ya zauna a kan kwanon da tsumma a hannunsa, yana kallon hadarin na matsowa.